Tun ran gini ake zane: ruwan zafi da ɗumin ɗaki ga mai gyaran gida

A ƙasashenmu na Sahel, idan magidanci ya tashi gyaran gidansa, zafi kaɗai yake tunawa. Zai ɗaga rufi, ya faɗaɗa taga, ya bar gurbin fanka da na na'urar sanyaya ɗaki. Yana kuwa da gaskiya, domin mafi yawan watannin shekara da zafi ake fama. Sai Disamba ta kama, hunturu ya taso daga arewa maso gabas da ƙurarsa, sa'an nan a tuna akwai sauran wata uku a cikin shekara. A lokacin ne za ka ga uwargida ta fito tsakar gida tun kafin assalatu tana hura wuta ƙarƙashin tukunya, yara ƴan makaranta suna jira da bokiti, dattijo kuwa ya naɗe hannun riga yana duban butar alwala kamar wanda aka ce ya taɓa maciji. Gidan ya sha fenti, an manna masa karo, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke cewa tayil, amma babu ko tiyo ɗaya na ruwan zafi a cikin bangonsa. Wanda ya so sa shi daga baya, sai ya fasa abin da ya biya kuɗi aka gina.

Saboda haka maganar ruwan zafi a zauna a yi ta tun ana shawarar inda makewayi da madafa za su kasance, kafin magini ya kwaɓa simintin farko. Ko da aljihu bai kai ga sayen na'urar a bana ba, tiyo da waya da mazaunin tanki ba su da tsada idan bango yana buɗe.

Lissafi kafin kasuwa

Tambayar farko ita ce, ruwa nawa gidan yake bukata, kuma da wane lokaci? Ga ma'auni guda da ya isa a riƙe: kafin a ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya, ana bukatar wat-awa 1.16. Ke nan lita 100 da ta fito daga pampo a digiri 20, idan ana so ta kai digiri 60, za ta ci kilowat-awa 4.6 da ƴan kai. Idan kullum ne, ya kama kusan kilowat-awa 140 a wata. Maigida ya ɗauko takardar kuɗin wutarsa ta watan jiya, ya duba abin da wannan adadi zai ƙara masa.

Ba da ruwan digiri 60 ake wanka ba, sirka shi ake yi har ya sauko wajen digiri 40, wato rabi mai zafi rabi mai sanyi. Mai wanka da bokiti na lita 15 bai ci fiye da lita 8 na tanki ba. Mai tsayawa ƙarƙashin dush na minti biyar kuwa yakan zubar da lita 35 zuwa 40, rabinsu daga tanki. Gida mai mutum takwas da suka saba da bokiti, tankin lita 100 zuwa 150 ya ishe su har da alwala da wanke-wanke. Gida mai wannan adadin da kowa ya koma dush, sai lita 200 ko sama. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa: suna yin lissafi da al'adar tsohon gida, alhali sabon makewayi yana zuwa da sabuwar al'ada, musamman ga samari da ƴanmata.

A sa baƙi a cikin lissafi, a sa mai jego. Wankan jego na kwana arba'in yana daga cikin abubuwan da suka fi cinye itace a gidan Bahaushe, kuma tanki mai kyau yana sauƙaƙa wa mata wannan wahala ƙwarai. Sai dai sauƙin samun ruwan kada ya zama dalilin ƙara masa zafi. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta shi da tsananin zafin wankan, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. Ruwa mai ɗumi ya wadatar.

Rana, lantarki ko gaz

Hanyoyi uku ne a gaban mai gyara. Na'urar lantarki mai tanki, wadda masu aikin pampo ke cewa shofo, ita ta fi arhar saye da sauƙin kafawa. Mai ƙarfin wat 1,500 tana ɗaukar kimanin awa uku kafin ta dafa lita 100. Aibinta biyu ne: kuɗin wata, da dogaro ga wutar da ba a hannunka take ba. Mutanen Yamai da Dosso ba su manta da abin da ya faru a Agusta 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke kawo wa Nijar mafi yawan wutarta, bai dawo ba sai a farkon 2024. Akwai kuma ƙaramar na'ura marar tanki da ake maƙalawa kusa da dush, tana dafa ruwan yana wucewa. Tana da ban sha'awa a kanti, amma domin ta ɗaga ruwan lita 6 a minti da digiri 20 tana jan fiye da kilowat 8 a lokaci guda, alhali gidaje da yawa kontar ɗinsu ta kilowat 3 ce ko 6. Ana kunna ta gidan zai yi duhu.

Gaz ya samu a kasuwa fiye da da, tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011. Kilo ɗaya na gaz yana ɗauke da zafin da ya haura kilowat-awa 12, kuma na'urarsa ba ta sa mutum jira. Sharaɗinta guda ne, ba a kuma sassauta shi: ba a kafa ta a cikin rufaffen makewayi. A waje ake sa ta, ko a wuri mai shan iska, da bututun da zai fitar da hayaƙinta sama. Butalin ma a tsaye, a inuwa, nesa da rami ko magudana, domin wannan gaz ya fi iska nauyi, idan ya yoyo ƙasa yake bi ya kwanta.

A ganina, ga wanda ya mallaki gidansa kuma yake da wurin da rana ke bugawa, na'ura mai aiki da hasken rana ita ce zaɓi, tare da ɗan ƙarfen lantarki a cikin tankin don ranakun da hazo ya rufe sama. Ba baƙuwar fasaha ba ce a wurinmu. An kafa ofishin makamashin rana na ONERSOL a Yamai tun 1965, kuma marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabance shi daga 1969 zuwa 1985. A ƙarƙashinsa an ƙera na'urorin dafa ruwa da rana a cikin ƙasa, tun ƙasashe da dama ba su waiwayi abin ba.

Yadda take aiki abu ne mai sauƙi. Ruwa idan ya yi zafi yakan yi sauƙin nauyi ya hau sama, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Don haka ake ɗora tanki a sama da faifan da ke karɓar rana, ruwan ya riƙa kewayawa da kansa ba tare da injin turawa ba. Ranar ƙasarmu tana zuba kilowat-awa 5 zuwa 7 a kan kowace mita murabba'i a yini, faifan kuwa yana kama kusan rabi. Ke nan mita murabba'i biyu suna dafa kimanin lita 110 zuwa 150. Iri biyu ake samu: shimfiɗaɗɗen faifai mai gilashi guda, da mai jerin kwalabe dogaye. Mai kwalabe ya fi riƙe zafi, amma yana da wani hali da ya kamata a sani a garin da ake yawan ɗauke ruwa. Idan tanki ya ƙafe, kwalaben suka gasu a rana babu kome a ciki, sa'an nan ruwan pampo ya dawo da azahar ya afka musu, suna iya tsagewa nan take. Da sassafe ko bayan magariba ake cika su.

Faifan kudu yake fuskanta. Yamai da Maraɗi da Damagaram suna tsakanin digiri 13 da 14 arewa da tsakiyar duniya, Agadas kuwa wajen 17. A ƙarshen Disamba, ko da tsakar rana, rana a Yamai ba ta wuce digiri 53 daga ƙasa, tana karkace ta kudu. Tun da lokacin ɗari ne ake bukatar ruwan, gara a jingina faifan wajen digiri 25 zuwa 30, ya fi a kwantar da shi. A kuma je wurin a duba da ido: bangon benen maƙwabci, ko bishiyar dogon yaro da ke kudu da gidan, wadda ba ta tare kome a watan Mayu, tana iya rufe faifan rabin yini a Janairu. Ƙura ma haka. A lokacin hunturu sai an goge gilashin da ruwa da tsumma sau ɗaya ko biyu a mako, da safe kafin ya yi zafi, saboda haka a bar matakala ko tsani mai aminci zuwa wurin.

Nauyi shi ne abin da magini ya kamata ya ji tun farko. Lita 200 kilo 200 ce, idan aka haɗa da tanki da ƙarafuna abin ya doshi kilo 300 a wuri ɗaya. Rufin tol ba ya ɗaukar wannan, rufin ƙasa da azara ma kada a gwada. Ko dai a zuba dal mai ƙarfe a saman makewayi, ko a kafa masa ƙafafun ƙarfe na kansa a ƙasa, a ɗaure shi sosai saboda guguwar farkon damina.

Wani abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: ruwan da za a yi wanka da shi da asuba, ranar jiya ce ta dafa shi. Ingancin tanki yana cikin kaurin abin da aka naɗe shi da shi don kada zafi ya tsere cikin dare. Idan kuma mutanen gida duka suka yi wanka da magariba, ruwan sanyi ya shiga ya cike gurbi, da asuba sai a tarar da shi salaf. Maganinsa a ƙara girman tanki kaɗan, ko a shirya tsakanin iyali wa ke wanka da dare, wa ke yi da safe.

Akwai masu tambaya game da tsarki da ruwan da rana ta dafa. Malaman fiƙihu sun tattauna mas'alar tun da daɗewa. Wasunsu, musamman a mazhabar Shafi'i, sun karhanta shi idan ya yi zafi a cikin mazubin ƙarfe a ƙasa mai zafi, wasu ba su ga karhanci ba, kuma Imam Nawawi yana cikin waɗanda suka rinjayar da rashinsa. Dukansu sun haɗu a kan cewa ruwan mai tsarki ne, alwala da wanka da shi sun inganta.

Abin da ke shiga cikin bango

Nan ne ainihin ribar yin abin lokacin gyara. A matso da makewayi da madafa kusa da juna, tanki a samansu ko dab da su. Tiyo mai faɗin milimita 16 a ciki yana riƙe da lita ɗaya a kowace mita biyar. Idan tsakanin tanki da pampo mita 15 ce, duk wanda ya buɗe sai ya zubar da lita uku masu sanyi kafin mai zafi ya iso, sa'an nan lita uku masu zafi su kwana a tiyo su huce. Ga gidan da ke sayen ruwa a hannun ƴan garuwa, ko yake jiran pampo da tsakar dare, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Tiyon roba na PVC da aka saba ja wa ruwan sanyi ba ya jure zafi: yakan yi laushi, mahaɗinsa ya saki a cikin bango. Na ruwan zafi shi ne PPR, koren nan da ake haɗawa da narkarwa, ko na jan ƙarfe. A naɗe shi da soso mai riƙe zafi, wanda ke waje kuma a rufe shi daga rana domin tana cinye roba. Plombiye nagari ya san duk wannan. Wanda ya ce maka “ai duk tiyo tiyo ne, Alhaji”, ka biya shi ladan zuwansa ka nemi wani.

Sai ƙarfin ruwa. Tsayin mita 10 shi ke ba da bar ɗaya. Shato da ke mita huɗu sama da kan dush bai ba da ko rabin bar ba. Idan ruwan sanyi yana zuwa kai tsaye daga pampon gari da ƙarfinsa, mai zafi kuwa yana gangarowa a hankali daga rufi, ba za su sirku ba: mai ƙarfi zai danne marar ƙarfi, mai wanka ya yi ta murɗa pampo tsakanin ƙanƙara da tafasa. A ja su duka biyu daga tushe ɗaya.

Tankin lantarki yana da wasu ƙananan abubuwa da rai ya rataya a kansu. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi, shi ya sa ake sa wani bawul a mashigarsa, wanda a kanti ake kira groupe de sécurité, mai buɗewa da kansa idan matsi ya kai bar 7. Ɗigar da yake yi lokacin dahuwa aikinsa ke nan. A ja masa ƙaramin tiyo zuwa magudana, kada a toshe shi don ya dami mutane. Wayar na'urar ta zama tata ita kaɗai, mai kaurin milimita murabba'i 2.5, da wayar ƙasa ta gaskiya wadda aka binne ƙarfenta, da makatsin wuta mai aiki a miliampa 30. Mutumin da ke tsaye a jiƙe, ba takalmi, ƴar wuta kaɗan ta ishe shi. Wannan ne ma dalilin da ya sa ƙarfen nan da ake tsomawa cikin bokiti ya kamata ya bar gidan da ke da yara. Inda ruwan rijiya ko na burtsatse yake barin farin ɓawo a buta, haka zai bari a tanki. A sa shi inda hannu zai kai don a buɗe a wanke, a kuma sauya sandar magneziyom da ke hana shi tsatsa bayan shekara biyu ko uku.

Zafi nawa ya kamata?

Abubuwa biyu ne ke ja-in-ja. Idan ruwa ya zauna tsakanin digiri 25 da 45, wata ƙwayar cuta mai suna lejiyonela tana yaɗuwa a cikinsa. An gano ta ne bayan ɓarkewar ciwon huhu a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976, kuma ta hanyar shaƙar feshin ruwa take shiga jiki. A digiri 60 takan mutu. To amma ruwan digiri 60 yana sale fatar babba cikin ƴan daƙiƙu, ta jariri da ta tsoho kuwa tun kafin haka, alhali a digiri 50 sai an ɗauki mintuna. Na'urar rana a watan Afrilu tana iya kai ruwa kusa da tafasa. Mafita ita ce a bar tanki a 60, a sa bawul mai sirkawa da kansa a mafitarsa, mitigeur thermostatique, ya sauko da shi kafin ya kai pampo. A Faransa doka ta 2005 ta hana ruwan pampon makewayi ya wuce digiri 50. Kuɗin wannan bawul bai kai na jinyar ƙuna ta mako ɗaya ba. Da bazara kuma a lulluɓe rabin faifan.

Ɗumin ɗaki

Gidajenmu ba sa bukatar tukunyar dafa ruwa da ƙarafunan ɗumama ɗaki a kowane bango irin na Turai. A Yamai sanyin dare a Janairu yakan tsaya wajen digiri 15 ko sama kaɗan, a Damagaram da Agadas ya fi haka sauka, a Bilma da duwatsun Ayar kuwa wani lokaci har ruwa yakan daskare. Da rana kuma gari ya yi ɗumi. Aikin gini shi ne ya adana ɗumin yini ya sake shi da dare, kuma kakanninmu sun san haka: soron ƙasa mai kaurin bango yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da ɗari. Bulon siminti mai rami da tol tsirara su ne suka kawo mana ɗakin da ke gasa mutum da azahar, ya daskarar da shi da asuba. Masu zanen gini na yanzu sun fara komawa ga ƙasa. Gidajen da ake kira Niamey 2000, waɗanda Mariam Issoufou da abokan aikinta suka zana aka kammala a 2016, da matsattsen tubalin ƙasa aka yi su.

Wanda yake da bangon ƙasa mai lafiya, kada ya rushe shi don kunya. Wanda nasa na siminti ne, ya sa silin, ya shimfiɗa abin tare zafi a bayansa, ya toshe kafofin taga da ƙarƙashin ƙofa, musamman ta gabas da arewa inda hunturu ke bugowa. Kuɗin da aka kashe a nan yana aiki sau biyu, da ɗari da bazara. Idan dama za a sayi na'urar sanyaya ɗaki, a tambayi mai juyawa, wadda ke iya hura ɗumi: a kan kowane kilowat ɗaya da ta ci tana ba da zafin kusan uku, alhali ƙaramar na'ura mai jan waya ɗaya take ci ta ba da ɗaya. Ɗakin tsofaffi da na jarirai su ne kan gaba.

Sai dai akwai haɗarin da gyaran kansa yake ƙarawa. Tsohon ɗaki mai kafofi yana yafe wa mai shigar da kaskon gawayi, domin iska na ratsawa. Sabon ɗaki mai tagar alminiyom da gilashi, wanda aka toshe ko'ina, ba ya yafewa. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau fiye da 200. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da su waje, a nufi asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi. Wannan hukunci ya hau kan murhun gaz da aka kunna don ɗumi, da injin janareta da aka shigar zaure saboda ɓarayi. Uwargida ta gaya wa ƴan aiki da maigadi, domin sau da yawa su ne ke kwana a ƙaramin ɗaki da kasko.

Ranar da plombiye ya ce ya gama, kada a bari mai shafe ya fara. A toshe bakunan tiyo, a cika su da ruwa, a matsa da famfon gwaji, a bar su su kwana ana duban allurar ma'auni. Idan ta sauka, akwai yoyo a wani wuri, kuma yau ne gyaransa yake da arha. Sa'an nan maigida ya ɗauki wayarsa ya bi bango ɗaya bayan ɗaya yana ɗaukar hoto, da ma'aunin tsawo a jikin kowane tiyo, ya ajiye hotunan tare da takardun gida, domin wanda zai zo kafa ƙusa ko madubi bayan shekara goma.